Kunnen Yayata na Hagu da Taurarin Kwamitin Magunguna

Daga: Babban Likita,
Sashen Kunne, Hanci da Maƙogwaro,
Asibitin Koyarwa.

4 ga Maris, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Daraktan Asibiti,
Ta hannun Sakataren Gudanarwa.

GAME DA: ƘORAFI KAN YADDA KWAMITIN MAGUNGUNA YA FASSARA SAKAMAKON BINCIKEN SABUWAR ALLURAR CIWON ƘASHI, DA HANA WATA MAJINYACIYA JAR ALAMA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da ofishinka, ina neman izini in gabatar da ƙorafi a kan hukuncin da Kwamitin Magunguna ya yanke a zamansa na 13 ga Fabrairu, da kuma abin da wannan hukunci zai jawo wa wata majinyaciya ranar 18 ga watan nan. Majinyaciyar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na faɗi haka tun a layin farko don kada wani ya sha wahalar tono shi ya kawo maka a matsayin fallasa. Na san halin gidan nan.

Kamar yadda ofishinka ya sani, bara Sashen Ƙashi ya gudanar da bincike a ƙarƙashin jagorancin Farfesa, shugaban sashen, wanda shi ne kuma shugaban Kwamitin Magunguna. An ɗauki majinyata ɗari da ashirin masu ciwon da ya ci ya shiga ƙashi, aka raba su gida biyu da ƙuri'a. Sittin aka yi musu tsohuwar allura, wadda ake yi sau uku a rana, sittin kuma sabuwa, wadda ake yi sau ɗaya. Sashena aka ɗora wa gwada jin kowa kafin a fara da bayan an gama, ba tare da mun san wa aka yi wa wace ba. Ba ni da ja da wannan tsari. Ni ma na yi bincike, na san ba a gane amfanin magani sai an gwada shi a jikin mutane.

Yaya malamar aji biyu ce a makarantar firamare. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau da furfura a gemuna Auta take ce mini, ko a gaban ɗalibaina ne. Ta karye a ƙauri a hatsarin babur, raunin ya ƙi warkewa, ya riƙa zubar da mugunya. Da aka yi mata bayanin binciken ta sa hannu da kanta, ta ce in dai zai amfani na bayanta a yi. Ƙuri'a ta jefa ta cikin masu sabuwar allura, ko da yake ba mu san haka ba sai da aka kammala.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

1. Yadda kwamiti ke karanta sakamako. Ranka ya daɗe, ban sani ba ko ka taɓa zama a wannan taro. Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a cikinsa, wadda ba a rubuce take a ko'ina ba. Sakataren kwamiti yakan haska jadawalin sakamako a bango, ya ja shi gefe har sai ginshiƙin ƙarshe kaɗai ake gani sosai, wato inda ake sa ɗan tauraro a gaban duk layin da lambarsa ta gaza 0.05. Layi mai tauraro sai a tsaya a kansa, a gyara zama, a yi ta gyaɗa kai. Wanda babu sai a ce a wuce. Na ga ana wuce layi goma kafin mutum ya gama juya sukari a kofin shayinsa. Dalilin da ake bayarwa shi ne ajanda tana da tsawo, kuma ana jiran wasu a ɗakin tiyata. Na sha yin magana a kan haka, har aka laƙaba mini Mai Ja-da-baya, nakan yi dariya tare da su. Yanzu dariyar ta ƙare mini.

2. Layin kunne. A cikin sittin da aka yi wa tsohuwar allura, babu wanda jinsa ya taɓu, ko ɗaya. A cikin sittin na sabuwa, mutum biyar suka rasa ji, a kunne ɗaya ko duka biyun, rashin da ba ya dawowa. Lambar da aka samu a gaban wannan layi ita ce 0.06. Babu tauraro, saboda haka aka wuce. A rahoton zaman kuma aka rubuta: "Bincike ya tabbatar da cewa sabuwar allura ba ta da illa ga ji."

Ina roƙon ka ba ni haƙuri in yi bayanin da na san ka sani, don ya zauna a rubuce. Lambar nan da masana ƙididdiga ke kira p tambaya ɗaya tak take amsawa: in da a ce allurai biyun daidai suke a wajen kunne, sau nawa cikin ɗari za a ga tazara irin wannan, ko wadda ta fi ta, don dacewa kawai? Amsar da aka samu ita ce kamar sau shida. Ƙa'idar tauraro kuwa ƙasa da sau biyar take so. Iyakar abin da ke nan ke nan. Lambar ba ta ce allura lafiya take ba. Ba ta ce mutum biyar ɗin nan ba a yi su ba. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne mutanen da aka gwada sun yi kaɗan a yanke hukunci, kuma abin da aka gani abin tsoro ne da ya kamata a bi diddiginsa. An ƙayyade yawan mutanen ne tun farko don auna saukar zazzaɓi, ba don kunne ba. Wanda ya leƙa ɗaki da ashana ɗaya ta mutu a hannunsa, ba zai fito ya rantse babu kowa a ciki ba. To kwamiti ya rantse, har ya buga hatimi.

Na zauna na sake lissafin da kaina, na kuma kai wa masaniyar ƙididdigar da ta yi wa binciken aiki, ta tabbatar mini. Da a ce mutum shida ne suka kurumce maimakon biyar, lambar za ta faɗo ƙasa da 0.03, tauraro ya fito, a gyara zama. Wato mutum ɗaya ya rage. Kurma ɗaya kwamitinmu yake jira kafin ya yarda da biyar ɗin da ke hannunsa. Wallahi, ranka ya daɗe, tun da na gane haka ban ƙara shiga ɗakin taron nan da daɗin rai ba. Ita masaniyar ta shaida mini ba a gayyace ta zaman ba, an dai karɓi jadawalin an yi mata godiya.

3. Tauraron da aka yi murna da shi. Abubuwa ashirin da biyu aka auna a binciken. Ɗaya ne ya samu tauraro: zazzaɓi yana sauka da wuri da kamar rabin yini a masu sabuwar allura, lambarsa 0.04. Warkewar ƙashin, wadda ita ta kawo mutane asibiti, kusan daidai take a ɓangarorin biyu. Duk ɗalibin da ya zauna ajin ƙididdiga ya san in ka auna abu ashirin da 'yan kai, ba abin mamaki ba ne ɗaya ya ci tauraro ko da ruwa aka gwada da ruwa. A kan wannan rabin yini aka mayar da sabuwar allura ta farko a dukan ɗakunan kwanciya, aka kulle tsohuwar a sito. Na san sau ɗaya a rana sauƙi ne ga ma'aikatan jinya, kuma ba na raina gajiyarsu. Amma in dalilin ke nan a faɗe shi a fili, a ɗora shi a sikeli, a ɗora kunnuwan mutum biyar a ɗaya gefen, mu ga wanda zai iya kallon sikelin ya sa hannu. Tsakanin 0.04 da 0.06 babu tazarar da za a ce an raba gaskiya da ƙarya.

4. Fitar da ni daga zaman. Ni mamba ne na wannan kwamiti, kuma ni kaɗai ne likitan kunne a cikinsa. Da aka zo kan wannan batu na ɗaga hannu, sai Farfesa ya tunatar da taro, cikin ladabi ƙwarai, cewa ɗaya daga cikin majinyatan 'yar'uwata ce, kuma ƙa'ida ta ce mai alaƙa da batu ya fita. Na tashi na fita, don ƙa'ida ce, ni ma da hannuna a rubuta ta. Na zauna a kan bencin baranda, kusa da bokitin mai goge ƙasa, ina jin motsin kujeru da dariya ta bayan ƙofa. Da aka kira ni an riga an shiga batun safar hannu.

Abin da nake so ofishinka ya lura da shi shi ne, wanda ya tsara binciken, wanda sunansa zai hau kan takardar da za a buga a mujalla, shi ya ci gaba da zama a kujerar shugaba, shi ya kira ƙuri'a. Ashe ƙanen majinyaciya yana da alaƙa da batu, amma mai binciken ba shi da ita. Ba na zargin Farfesa da mugunta. Malamina ne, ya koya mini ɗinkin rauni a shekarata ta huɗu a makarantar likitanci, kuma na yi imani har zuciyarsa ya yarda da abin da ya rubuta. Wannan ne ma ya fi ci mini rai. Da na same shi a ofis bayan taro, ya dafa kafaɗata ya ce dacewa ce kawai, lissafi ya nuna, in rage sa abu a rai, kuma ya roƙi in gaishe masa da Malama.

5. Hana jar alama. Dokar sito ta ce ba a fitar da tsohuwar allura yanzu sai ga majinyacin da ke da jar alama a bangon fayil ɗinsa, wato wanda kwamiti ya amince sabuwar ta taɓa cutar da shi. Ranar 20 ga Fabrairu na nema wa mutum biyar ɗin wannan alama, na haɗa da sakamakon gwajin jinsu na kafin da na bayan. Ranar 27 amsa ta zo a layi biyu: tunda kwamiti ya tabbatar allurar ba ta da illa ga ji, babu hujjar sa alama ga wanda ya ce ta illata masa ji. Ga yadda abin ya zagayo ya ciji wutsiyarsa. An ƙi ganin su don babu tauraro, yanzu kuma an hana su kariya don an ƙi ganin su.

Ina so ka san yadda aka samu ɗaya daga cikin sakamakon nan. Ranar gwajinta na ƙarshe Yaya ta ce ba wanda zai taɓa mata kunne sai Auta. Na shigar da ita ƙaramin ɗakin gwaji mai bango da soso, na sa mata abin ji a kai, na ba ta maɓallin da za ta danna duk lokacin da ta ji ƙara, na koma bayan gilashi. Kunnen hagu ta yi ta dannawa, har tana yi mini gwalo. Na juya kan na dama. Na ƙara sauti, na ƙara, na ƙara, har na kai inda na'urar ta tsaya, sautin da ni a waje nake jin kukansa ta jikin ƙofa. Tana zaune da maɓalli a hannu, tana murmushi, tana jira. Can ta ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa, ta ce in daina wasa in kunna abin, tana da aji. Na sa abokiyar aikina ta maimaita gwajin washegari don kada a ce hannun ɗan'uwa ne ya yi rawa. Abin da na samu shi ta samu.

Ta koma aiki da sanda. Ta ja teburinta zuwa kusurwa don kunnen hagu ya fuskanci yara, kuma duk wanda zai yi karatu sai ya zagayo ya tsaya ta wannan gefen. Aikinta ke nan, ta ji inda yaro ya yi tuntuɓe a harafi ta gyara masa. In an yi mata jaje sai ta mayar da shi wasa, ta ce yanzu in ta kwanta a kan na hagu ta huta da minsharin mijinta, abin da ta nema shekara da shekaru. Mijin ne ya gaya mini ba barcin take yi ba, wani kuka kamar na gyare ba ya barin kunnen da ya mutu. Sauran huɗun ma na san su ɗaya bayan ɗaya, akwai direban babbar mota a cikinsu da ya ajiye tuƙi. Ban kawo labarinsu a nan ba don ban nemi izininsu ba.

6. Abin da ke jiran ta ranar 18 ga Maris. Ciwon ƙafar ya dawo. Likitan ƙashin da ke duba ta ya sa mata wannan rana don a sake buɗe wurin a kankare ƙashin, daga nan a bi da allura na makonni. Gwajin ɗakin awo ya nuna ƙwayar cutar da ke jikinta allurai biyun nan kaɗai take ji. Tsohuwar tana sito a kulle, ba a sayar da ita a kantin magani, kuma dokarmu ta hana a yi wa majinyaci allurar da aka shigo da ita daga waje. Likitan nata mutumin kirki ne, ya ce da ni hannunsa a ɗaure yake, in kawo masa jar alama yau ya rubuta tsohuwar yau. Ɗage aikin ma ba mafita ba ne, ya ce in aka ƙara jinkiri ba ya tabbatar mana da ƙafar.

Na yi wa Yaya bayanin duka, ban ɓoye mata komai ba. Sai ta tambaye ni ko in na hagun ma ya tafi za a ƙirga ta a matsayin ta shida, ko abin ya amfani wasu. Dole na gaya mata a'a. An riga an ƙirga ta sau ɗaya, kuma an rufe binciken. Duk wanda zai kurumce daga yanzu ba zai shiga jadawalin kowa ba. Ta ce to, Allah ya kyauta, ta tambayi ko na ci abinci. Ranka ya daɗe, na yi shekaru ina gaya wa mutane sun rasa ji, na iya zaɓen kalmomi, amma a ranar kunya ce ta kama ni, kunyar farar rigar likitan da ke jikina.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka ya yi waɗannan:

(a) Ya ba da umarni a sa jar alama a fayil ɗin majinyata biyar ɗin nan kafin ranar 18, ko kuwa ya buɗe sito da sa hannunka a fitar wa Yaya tsohuwar allura. Wannan ne na gaggawa. In ɗaya kaɗai za a iya yi mini, shi nake roƙo.

(b) Ya dakatar da hukuncin 13 ga Fabrairu, a mayar da tsohuwar allura ɗakunan kwanciya, har sai an sake zama a ƙarƙashin shugaban da ba shi da hannu a binciken, tare da masaniyar ƙididdiga da likitan kunne. In alaƙata ta hana, a kawo wani daga wani asibiti, zan koma bencina na baranda ba tare da ƙorafi ba.

(c) Ya sa a goge kalmar "ya tabbatar" daga rahoton zaman da kuma takardar da za a aika mujalla, a rubuta abin da aka gani: biyar cikin sittin, da babu cikin sittin.

(d) Ya sa duk wanda za a yi wa sabuwar allura a gaya masa waɗannan lambobi biyu kafin a ɗaga masa hannun riga, a kuma riƙa gwada jinsa yayin da ake yi. Sashena zai ɗauki wannan aiki.

(e) Ya hana haska ginshiƙin ƙarshe shi kaɗai a bango. A riƙa karanta yawan mutane tukuna.

Ban nemi a hukunta kowa ba, ban kuma kai maganar nan waje ba, don a gidan nan na koyi aiki kuma ina so a gyara a cikin gida. Na haɗa kwafin gwaje-gwajen ji, da rahoton zaman, da amsar 27 ga Fabrairu. Na karanta wa Yaya takardar nan kafin in sa hannu, tunda sirrinta ne a ciki. Ta amince, sai dai ta ce na cika zafi, in rage, kada in ɓata wa manya rai. Na rage abin da zan iya.

A shirye take ta zo gabanka duk ranar da ka kira, in dai ba lokacin aji ba ne. Idan za ka gan ta kafin ranar 18, ina roƙon a ajiye mata kujera yadda za ka kasance ta hagunta, kuma ba sai ka ɗaga murya ba. Idan sai bayan nan ofishinka zai samu sarari, ranka ya daɗe, ban san gefen da zan ce ka zauna ba.

Ka huta lafiya, tare da dukan girmamawa da biyayya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Babban Likita, Sashen Kunne, Hanci da Maƙogwaro,
Mamba a Kwamitin Magunguna,
kuma ƙanen majinyaciya.